Awa Ɗaya Tsakanin Layan da Sittinta

Sharafiyya, Jidda
Litinin, 6 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanena Nasir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka Bashira da 'yarmu Layan. Yaya Amurka, yaya tuƙin babbar mota? Mu nan lafiya lau, sai zafin da ya ƙi sauka. Mahaifiyarka, Goggo Mubina, tana gaishe ka. Jikin da sauƙi, ƙafafun ba su kumbura ba wannan makon. Idon ne dai sai a hankali, yanzu da murya take gane mutum.

Na sake rubutawa a takarda na ɗauki hoto, don na san halinka. Saƙon murya kana tuƙi kake saurara, kafin ka tsaya ka manta.

Albishir tukuna. Layan ta kai aya ta ashirin a Tabaraka, ba gyara ko ɗaya. Hausar ma ta fara zama a bakinta. Ranar Alhamis ta ce wa Goggo, da take kira Sitti, wato kaka, "Sitti, kin cika mita," Goggo ta yi dariya har da tari. Shekara ashirin ina koyarwa, ban cika samun yarinya mai kunne irin nata ba.

To ga abin da ya sa na rubuto. Ka san tsarinmu na Litinin da Alhamis. In na tashi daga makaranta na wuce Mahjar, unguwar Goggo, Layan ta kira ɗaya da rabi na rana, wato shida da rabi na safe a wajenku, mu yi karatu, biyu da kwata motar asibiti ta zo ta ɗauki Goggo zuwa wankin ƙoda. Abin da ba ka sani ba, tun da aka fara wankin nan a watan Afrilu, Goggo ba ta taɓa shiga motar don ni ba. Ta tsani na'urar. Sai Layan ta gama karatu ta ce, "Yalla, Sitti, tashi," sannan ta lalubi mayafinta.

Bara da kuka mayar da agogonku baya a Nuwamba, sai kawai muka koma biyu da rabi, lokacin ba asibiti. Bana ba haka ba ne. Asibiti sun ce in zaɓa kafin sha shida ga wata: ko a bar ta a layin biyu da kwata, ko a mayar da ita na ƙarfe huɗu, kuma abin da aka zaɓa shi ke nan har wata shida. Ga kuma markaz ɗin haddar 'yan mata da ke bayan gidan Goggo, sun ba ni aji biyu da rabi. Ina son ajin nan, Nasir, yara sha bakwai ne ba su da malama.

Kwanaki ka ce mini ana maganar daina taɓa agogo a jiharku. An daina ko ba a daina ba? In za a mayar, na zaɓi layin huɗu na haƙura da ajin. Ka amsa da wuri don Allah.

Yayarka,
Zubaidatu

*

A kan hanya
14 ga Oktoba

Yaya Zubaida,

Wa alaikumus salam. Lafiya ƙalau muke, alhamdu lillah. Ki yi haƙuri da jinkiri, kwana shida ban ga gida ba. A gaishe da Umma, a ce mata na ji daɗin labarin ƙafafun. A gaishe da ƙanena Zaharaddeen, a ce ya riƙa ɗaukar waya.

Maganar agogo, halas, an gama. Majalisar jiharmu ta kaɗa ƙuri'a a bar agogon bazara har abada, gwamna ya sa hannu. Da kunnena na ji a rediyo, har mutane suna ta bugo waya suna murna wai yara za su samu hasken yamma su yi wasa. Ba sauran gaba da baya.

Ki karɓi ajinki, ki bar Umma a layinta. Allah Ya saka miki, abin da kike yi mana ba mu da bakin godiya. An kira ni lodi.

Nasir

*

Mahjar
Litinin, 3 ga Nuwamba

Nasir,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kowa lafiya. Goggo tana asibiti yanzu haka, ni kuma na fito daga markaz, ina zaune a ɗakinta ina jiran dawowarta.

Layan ba ta kira ba yau.

Ɗaya da rabi na jingina wayar da flas ɗin shayi kamar kullum. Goggo ta sa ɗankwalinta mai ruwan goro, ta ce ƙawarta Layan tana son shi, duk da ita ba ta ganinsa. Muka jira. Na kira kwamfutar hannun Layan, a kashe. Na kira Bashira, ba a ɗauka ba. Naka kuwa ko shiga bai yi ba. Biyu da kwata Hashim direban asibiti ya yi hon. Sai da na durƙusa na ce ƙila wuta ce aka ɗauke musu. Ta ce, "A Amurkar?" Da ƙyar ta tashi.

Da na fito daga aji na ga kiran Layan har uku, biyu da rabi. Bashira ta rubuto mini cewa yarinyar ta kira ba mu ɗauka ba, ta tafi makaranta ranta a ɓace. To ai awa guda cur ta makara. Ina jin barci ne ya ɗauke su, Bashira ba ta son faɗa. Ba laifi ba ne, yaro yakan makara.

Abin da ke damuna daban ne. Ranar Alhamis da ta wuce Layan ta yi ta zuba Turanci tana ba da labarin wata gasa a makarantarsu, Goggo ba ta gane ko kalma ba, sai ta ce mata, "In ba za ki yi mini Hausa ba, kashe wayar." Da wasa ta fara, amma muryar ta fita da zafi. Yarinyar ta katse labarin. Yau ina gyara mata mayafi a bakin mota ta ce mini, "Na kore ta, ko?" Na ce haba Goggo.

Ka yi wa Layan magana a hankali. Kada ka yi mata faɗa. Ka dai tabbatar ta kira ranar Alhamis.

Zubaidatu

*

Sharafiyya
Alhamis, 6 ga Nuwamba

Nasir,

Ina fata kana lafiya. Na ga ba ka buɗe wasiƙar Litinin ba har yanzu.

Goggo ba ta je wanki ba yau.

Mun jira kamar ranar Litinin. Da Hashim ya yi hon, ta cire ɗankwalin ta ninke ta ajiye a cinya ta ce, "Ba inda za ni." Na roƙa, na yi fushi, na sake roƙo. Hashim ya shigo har tsakar gida yana cewa, "Ya Hajja, akwai mutum biyu a mota suna jira." Ta ce ya kai su, Allah Ya ba su lafiya. Ya tafi. Na bar ta da maƙwabciya na ruga markaz a makare.

Ina tsaye gaban allo, shugabar markaz tana zaune a baya tana duba koyarwata, sai na ji wayar tana rawa a cikin jaka. Na ɗaga kai na dubi agogon bango. Biyu da rabi daidai, ko minti ɗaya bai ɗora ba. Mai makara ba ya makara daidai da daidai har sau biyu. Na kasa ɗauka, na kasa ci gaba da karatun, har wata yarinya ta ce, "Abla," wato malama, "kin tsallake aya."

Da aka tashi na buɗe agogon garuruwa a waya na nemo garinku. Awa takwas ne tsakaninmu yanzu, Nasir, ba bakwai ba. An mayar da agogonku baya tun ranar Lahadi. Layan ba ta makara ba ko sau ɗaya. Shida da rabinta take kira, yadda aka koya mata.

Ina dokar da ka ce? Ina hannun gwamna?

Na koma na yi wa Goggo bayani. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Zubaida, azahar ta matsa ne?" Na ce a'a. "Rana ta fasa fitowa a lokacinta?" Na ce a'a, mutane ne suka juya agogo. Ta ce, "Ƙasa guda su tashi su juya agogo don su ɓata wa tsohuwa rai? Kin girma da yi mini irin wannan ƙaryar. Ki ce yarinya ta yi fushi, na sani."

Na buga asibiti. Layin ƙarfe huɗu ya cika, sai dai a rubuta sunanta a jira. Ko na ajiye ajin markaz ba abin da zai gyaru, motar biyu da kwata take zuwa. Ni ma da laifina, malama ce ni, ya kamata in bincika da kaina kafin in sa hannu.

Ka kira, ko ka rubuto. Ko layi ɗaya ne.

Zubaidatu

*

8 ga Nuwamba

Yaya Zubaida,

Na karanta duka biyun a tsaye a gidan mai, na rasa inda zan sa kaina. Yaya jikin Umma? Zaharaddeen ya ce numfashinta yana sama-sama tun jiya.

Laifina ne. Yau na zauna na karanta dokar da idona. Gaskiya ne majalisar jiha ta amince, gaskiya ne an sa hannu. Amma a ƙasa an rubuta ba za ta fara aiki ba sai majalisar tarayya ta ba jihohi izini, ita kuwa ba ta bayar ba, ba wanda ya san ranar. Rabin labarin na ji a rediyo, na shiga wajen awon mota na kashe. Ranar Lahadin kuma ban lura ba. Mu direbobi wayarmu ce ke canja lokaci da kanta, a mako ɗaya sai in ratsa agogo uku.

Na san abin da za ki ce, ta kira biyar da rabi. Ba zan iya ba, Yaya. Ba ki san sanyin nan ba. Biyar da rabi duhu ne ƙirin, motar makaranta bakwai da kwata, ta wuni sai uku. Shekararta goma sha ɗaya. Kuma abin da ya fi wannan, ba na son yarinya ta tashi da tunanin cewa ran kakarta a hannunta yake. In wata rana ta makara da gaske wani abu ya faru, da me za ta rayu? Shi ya sa ban gaya mata Umma ta ƙi zuwa asibiti ba. Na ce mata an canja wa Sitti lokaci ne kawai.

Na ce ta kira gobe Lahadi da rana su gaisa, ta ce a'a, Sitti ba ta son Hausarta, sau shida tana kira ana ƙin ɗauka. Bashira ta lallaɓa ta ta naɗi karatu a waya, har da "yalla Sitti, tashi" a ƙarshe. Na tura miki. Ki kunna mata ranar Litinin, tunda ba gani take ba. Wata huɗu ne kawai, a Maris za a sake tura agogon gaba.

Ki yafe mini.

Nasir

*

Mahjar
Litinin, 10 ga Nuwamba

Ƙanena,

Na yafe, tun kafin ka roƙa. Ina fata ka isa gida lafiya.

Ranar Asabar Zaharaddeen ya bar aikinsa a unguwar Khumra ya kai Goggo sashen gaggawa, aka yi mata wankin da ta tsallake. Likita ya ce in ta sake tsallakewa ruwa zai iya taruwa a huhu. A gabanta ya faɗa, ta juya fuska bango.

Na yi abin da ka ce, kuma na yi nadama. Ɗaya da rabi na kunna muryar. Da ka ga fuskarta! Ta gyara zama, ta laluba ta ɗaura ɗankwalin, tana bin karatun da leɓe. Da Layan ta kai ƙarshen aya sai Goggo ta ce, "Ƙawata, kin huce?" Muryar ta wuce aya ta gaba. Ta sake cewa, "Layan, magana nake miki." Muryar ta ci gaba. Da aka zo "yalla Sitti, tashi," ta miƙo hannu ta kife wayar a kan tabarma. Ta ce, "Makanta na yi, ban haukace ba."

Ta shiga motar, amma don Zaharaddeen ya dawo ya ɗauke ta cak kamar jaririya, tana cewa ya sauke ta. Mai gidan aikinsa ya ce ranar Alhamis ba zai sake ba shi izini ba. Ni ba zan iya ɗaga ta ba, kuma ko zan iya ba zan yi ba.

Maganarka a kan nauyin da ba ka son ɗora wa Layan gaskiya ce, na yi ta juya ta. Amma ka duba, nauyin da take ɗauke da shi yanzu ya fi wancan. Tana kwana tana tashi da cewa kakarta ta ƙi ta saboda bakinta. Yara suna iya ɗaukar gaskiya in aka miƙa musu daidai ƙarfinsu, na gani a aji ba sau ɗaya ba. Abin da ke karya su shi ne a bar su su yi ta zato.

Ga shafi na biyu, nata ne. Ta hannunka na biyo da shi. Ka karanta, in ka ga bai dace ba ka riƙe, ba zan zagaye ka ba.

Layan 'yata, Abla Zubaida ce. Ga lissafi. Da, in agogonki ya ce shida da rabi, namu yana cewa ɗaya da rabi. Ranar Lahadi biyu ga wata aka mayar da naku baya da awa ɗaya, namu bai motsa ba. To in kin kira shida da rabi yanzu, ƙarfe nawa ne a ɗakin Sitti? Motar asibiti kuma biyu da kwata take tafiya. Kin gani? Ba wanda ya ƙi ɗaukar wayarki. Ranar Litinin Sitti tana cikin mota, ranar Alhamis wayar tana jakata ina aji. Duk ranakun nan ta sa ɗankwali mai ruwan goro ta jira ki, ita ma tana zaton ke kika yi fushi. Manya ne suka yi kuskuren lissafi, ni da Babanki. Shan magani da zuwa asibiti aikin Sitti ne da mu, ba naki ba. Ban ce ki yi komai ba. Na dai ga bai kamata ki rasa sani ba.

Zubaidatu

*

Laraba, 12 ga Nuwamba

Nasir,

Lafiya dai? Na ga ka buɗe tun shekaranjiya. Ko "na gani" ba ka ce ba. In na wuce iyaka ka faɗa mini, na fi son faɗa da shiru.

Goggo ta ci rabin burodin tamis da safe, ta ce a mayar da ɗankwalin cikin akwati. Gobe Alhamis. Na rubuta darasin markaz sau biyu na yaga. Ban san abin da zan ce wa Hashim ba.

Zubaidatu

*

Mahjar
Alhamis, 13 ga Nuwamba

Nasir, kai ɗan banza ne, Allah Ya yi maka albarka.

Kai ka ji rabi daga can, bari in ba ka rabin da ba ka gani ba. Ɗaya da ashirin na jingina wayar da flas ba tare da na ce komai ba. Goggo ta ji ƙarar ta ce, "Ɗauke abin nan." Ban ɗauke ba. Ɗaya da rabi ta yi ƙara, har sai da na zubar da shayi.

Ka ji yadda ta ƙi amsa sallamar. Ta ce, "Ke ce, ko wancan abin da ba ya amsa magana? In ke ce, me na ci yau?" Da Layan ta ce, "Ban sani ba, Sitti, amma in waken ful ne da gishiri zan gaya wa likita," sai Goggo ta doke ni a cinya ta ce, "Ita ce! Marar kunyar ce! Ina ɗankwalina?" Na ce yana akwati inda kika ce a sa. Ta ce, "To tsayuwar me kike yi?"

Da ta ce wa yarinyar ta yi Turancinta in ta ga dama, ita dai ta ji murya, kai ne na ji kana jan hanci a bayan Layan ko mura ce? Na ga gefen rigarka da kofi a hannu. Ashe gida ka juyo da motar.

Hashim bai kai ga yin hon ba, a bakin ƙofa ya same ta. Tana shiga ta ce masa, "Ka ji mutanen Amurka wai juya agogo suke yi? Jikata ce ta faɗa mini." Ni da na faɗa maƙaryaciya ce.

Me Layan take nufi da dokarta? Ta ce za ta aiko mini.

Yayarka,
Zubaidatu

*

Asabar, 15 ga Nuwamba

Abla Zubaida,

Assalamu alaikum. Ina wuni? Yaya Sitti? Ni lafiya lau. Mama ta taimake ni da rubutun, amma maganar tawa ce.

Amsar lissafin: biyu da rabi. Na ci?

Baba ya ba ni shafinki ranar Laraba da ya dawo. Na karanta sau uku. Sai na ɗauki agogon ɗakina mai ƙararrawa na tura shi gaba da awa ɗaya, yadda yake kafin a taɓa shi, na liƙe madannin da salatif. Yanzu in ya ce shida da rabi, ɗaya da rabi ne a wajen Sitti, kamar da. Ban tashi biyar da rabi ba. Sauran gidan ne suke biyar da rabi.

Baba ya ce ba a yin doka haka kawai, sai na sama sun yarda, shi ya koyi wannan da wahala. To na rubuta na kai musu. Ga ta:

Agogon ɗakin Layan ba zai koma baya ba. Za ta kwanta in ya ce tara da rabi. In ta yi barci a aji sau biyu, an soke. In ta makara wata rana, ba laifinta ba ne, Sitti za ta shiga mota duk da haka.

Na ƙarshen Baba ne ya ƙara. Ya sa hannu, Mama ta sa hannu. Ya ce saura mutum ɗaya, kuma in ba ta yarda da layin ƙarshe ba, dokar ba ta fara aiki ba.

Don Allah ki karanta wa Sitti a hankali. In ta yarda, ki shafa mata tawada a babban yatsa ta dangwala a ƙasa, kusa da sunana. Na bar mata wuri babba, don na san ba ta ganin layi.

'Yarki,
Layan